Tambarin gindin faranti ba ya rantsuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili a shafin wasiƙu in yi gyara ga rubutun da kuka buga kwanakin baya a kan tara tsofaffin kayan tangaran. Na ji daɗin ganinsa ƙwarai, har na yanke shafin na adana, domin shekara 31 ke nan ina fama da wannan sha'awa, kuma ba kasafai nake ganin an ba ta shafi guda cur ba. Sai dai akwai shawara biyu a ciki da na kasa haɗiyewa. Ta farko, cewa mai saye ya kifa faranti ya karanta tambarin da ke gindinsa, wai shi zai gaya masa inda aka yi shi da shekarunsa. Ta biyu, cewa a jiƙa wanda ya dafe a ruwan bilic, a kuma guji duk wanda aka taɓa gyarawa. Duka biyun na bi su lokacin ina ɗanye a harkar, kuma duka biyun sun cuce ni.

Bari in fara da tambari. A shekarata ta uku da fara tarawa na sayi wani ƙaramin kwano fari mai zanen shuɗi a hannun wani dillali. A gindinsa akwai haruffan Sin guda 6 cikin zobe biyu. Na ɗauki kwana da kwanaki ina gwada su da na cikin wani littafi har na gano abin da suke cewa: an yi shi a zamanin Sarki Chenghua na daular Ming, wanda ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487. Ranar ban iya barci ba. Na naɗe shi a tsumma, na kai wa wani dattijo da ya riga ni shiga harkar da kusan shekara 40, Allah ya jiƙansa. Ya karɓa, ya kifa shi, amma ko kallon rubutun bai yi ba. Ya sa babban yatsansa yana shafa zoben gindin, wurin da babu shafen gilashi. Ya ɗaga shi saitin taga. Ya ɗora shi a kan yatsu uku ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Sannan ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, kwanonka mai kyau ne, amma na girme shi."

Na ce, "Baba, ai ga rubutu." Ya ce, "Wanda ya iya gina kwano, rubutu ne zai gagare shi?"

Ya nuna mini abin da idona ya tsallake. Gindin an goge shi da takardar yashi, duk ƙarzar ta bi hanya ɗaya, alhali tsufan gaske ba ya bin layi. Dauɗar da ke wurin shafa ta aka yi, da ya sa danshi a yatsa sai ta biyo shi. Cikin kwanon kuwa sumul, ko ƙarzanen cokali ɗaya babu. Har yau kwanon yana nan a kan teburina, a cikinsa nake zuba maɓallai.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda kuma rubutunku bai faɗa ba, shi ne sa sunan sarkin da ya shuɗe a gindin sabon kwano tsohuwar al'ada ce a wurin maginan Sin kansu. A birnin Jingdezhen, cibiyar tangaran ta ƙasar, kayan da aka gasa a zamanin Sarki Kangxi na daular Qing, tsakanin 1662 da 1722, da yawansu sunan Chenghua suke ɗauke da shi. Wasu don girmama zamanin da ake ganin aikin ya kai ƙololuwa, wasu kuma don kasuwa. A 1677 ma hakimin garin ya hana maginai rubuta sunan sarki mai ci a jikin kaya, don kada abin ya fashe a zubar da sunan sarki a juji. Shi ya sa za ka ga kwanukan wannan zamani da zobe biyu babu komai a ciki, ko da hoton ganye kawai. Ka ga ke nan ana samun na gaske marar tambari, ana samun mai tambarin wani zamani wanda duk da haka ya haura shekara 300, ana kuma samun irin nawa, wanda aka gasa shekaranjiya. Duka ukun za su iya zama a kan shiryayye ɗaya. Ƙananan kofunan nan masu zanen kaji na zamanin Chenghua, waɗanda ɗayansu ya kafa tarihi a gwanjon Hong Kong a 2014, na gasken da aka sani a duniya ba su kai 20 ba, amma masu ɗauke da tambarin ba sa ƙirguwa. Kama da wane ba ta wane.

Turai ma ba ta tsira ba. Turawa sun shafe ƙarnuka suna sayen tangaran daga Sin ba tare da sun san sirrin haɗinsa ba. Sarki Augustus na Saksoni a Jamus ya kamu da son abin har ya kai a 1717 ya ba Sarkin Furusiya sojojin doki 600 a madadin tangaran guda 151. Ni da iyalina ke yi wa ƙorafi a kan kabad biyu, duk sanda na tuna wannan sai in ji sanyi a raina. A ƙarƙashin Sarki Augustus ne wasu masana biyu, Böttger da Tschirnhaus, suka gano haɗin a 1708, aka kafa masana'antar Meissen a 1710, daga farkon shekarun 1720 kuma ta fara sa tambarinta na takubba biyu a gicciye. Da wuya a sami tambarin da aka kwaikwaya kamar wannan. Masana'antu a Jamus da Faransa da Ingila sun yi ta zana wasu layuka biyu a gicciye masu kama da shi. A birnin Paris, gidan Samson da aka kafa a 1845 ya fara ne da yi wa masu kuɗi madadin farantin da ya fashe a cikin jerinsu, daga nan ya koma kwaikwayon kusan kowane irin tangaran mai suna. Sukan ƙara ƙaramar alamarsu, amma marasa tsoron Allah sukan kankare ta. Abin dariyar shi ne yau kayan Samson ɗin kansu sun tsufa, akwai masu tara su musamman, har ana samun masu kwaikwayon su.

In ka bi tarihin sana'ar, kwaikwayo shi ne ƙashin bayanta, shi ya sa ba na ganin baƙin kowane kwafi. A ƙarni na 9 maginan Basra a Iraƙi sun ga fararen kwanukan Sin, ba su da irin ƙasar, sai suka rufe yumɓunsu da farin shafe mai haɗin kuza, suka yi zane a kai da shuɗin kobal. Maginan Sin kuma a ƙarni na 14 da kobal ɗin Farisa suka yi fari-da-shuɗin da ya mamaye duniya. Mutanen Delft a Holan suka kwaikwayi na Sin a ƙarni na 17. Farantin nan mai zanen gadar ƙetare ruwa da bishiya da tsuntsaye biyu, wanda mutane da yawa ke rantsuwa daga Sin ya fito, a Ingila aka ƙirƙiro zanensa wajen 1790, labarin soyayyar da ake jinginawa gare shi ma a can aka shirya shi. Ina da irinsa guda 9 daga masana'antu daban-daban, kuma babu biyu da gadarsu ta zo ɗaya.

Kada a ce na ce tambari ba shi da amfani. Yana da shi, amma ta fuska guda: ya fi iya gaya maka shekarun da abu bai kai ba. A 1890 Amurka ta yi dokar haraji da ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsu, ta fara aiki a 1891. Saboda haka in ka ga kalmar "England" a gindin faranti, kusan kullum bayan 1891 aka yi shi, in kuma "Made in England" ce, to ka shigo ƙarni na 20. Kayan Japan sun ɗauki "Nippon" daga 1891 zuwa 1921, sannan aka koma "Japan", masu "Occupied Japan" kuma na 'yan shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, zuwa 1952. Alamar rajistar Birtaniya mai siffar lu'ulu'u an yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, amma ranar da aka yi wa zanen rajista take nunawa, ana iya ci gaba da gasa farantin shekaru bayan haka. Gidan tangaran na Wedgwood a Ingila, wanda aka kafa a 1759, ya fara danna haruffa uku a jikin kayansa daga 1860, na ƙarshen shi ne na shekara. Duk wannan ilimi ne mai kyau. Sai dai rashin sunan ƙasa ba ya tabbatar da tsufa, domin kayan da ba a yi su don fitarwa ba sau da yawa ba a sa musu, na wasu kuma a takarda aka manna ta ɓace. An taɓa kawo mini kofi ana cewa na ƙarni na 18 ne, a gindinsa kuwa an rubuta cewa ana iya wanke shi a injin wanke kwanuka.

To me za a duba? Abin da Baba ya duba. Tangaran na ainihi ana haɗa shi da farar ƙasar da ake kira kawolin, sunan da ya samo asali daga tudun Gaoling kusa da Jingdezhen, a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,300 har jikinsa ya narke ya haɗe kamar gilashi. Shi ya sa in ka ɗaga shi saitin haske za ka ga inuwar yatsunka ta bayansa, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Kayan yumɓu na gama-gari, irin na Delft, a wajen digiri 1,000 zuwa 1,100 ake gasa su, haske ba ya ratsa su, ƙararsu gajeruwa ce, kuma in bakinsu ya ɓantare za ka ga jikin ciki mai ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya yana shan ruwa. Akwai kuma irin na Ingila da wani magini mai suna Spode ya daidaita haɗinsa a shekarun 1790, wanda kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce, farinsa mai taushi ne kamar madara, ba ya da sanyin shuɗi-shuɗin na Sin. Wanda ya riƙe waɗannan uku a hannu sau goma ba zai ƙara rikita su ba. In tangaran na ainihi ya ba ka matacciyar ƙara, akwai tsaga ko gyara a wani wuri ko da ido bai gani ba.

Bayan jiki sai zane. Ka nemi gilashin ƙara girma, ko na masu gyaran agogo. Zanen hannu yana da farkon layi da ƙarshensa, wurin da buroshi ya sauka da ruwa da yawa da wurin da ya bushe, kuma furanni biyu ba sa zama ɗaya sak. Daga shekarun 1750 aka fara buga zane a Ingila: a sassaƙa shi a farantin tagulla, a ɗauke shi da siririyar takarda, a manna a jikin kaya. Irin wannan za ka ga inuwarsa ɗige-ɗige ce ko ƙananan layuka, in kuma ka bi adon bakin farantin a hankali za ka tarar da wurin da takardar ta haɗu, zanen ya ɗan goce. Ni wannan gocewar nake nema da gangan, ita ce kaɗai wurin da ake ganin hannun ma'aikaciyar da ta manna takardar. Na zamanin yanzu kuwa ɗigonsa jere yake daidai wa daida kamar hoton jarida.

Sai tsufa. Farantin da aka yi shekara 100 ana amfani da shi yana da ƙarzanen wuƙa a tsakiya ta kowace fuska, ruwan zinaren bakinsa ya suɗe a inda hannu ke kamawa, zoben gindinsa ya yi santsi saboda ja a kan tebur. Butar shayi takan suɗe a mariƙi da ƙoƙon murfi. In ka ga tsufan ya bazu ko'ina daidai, har a lungun da hannu ba ya kaiwa, to yi masa aka yi. Akwai gwajin ɗakin bincike da ake huda gindin abu a ɗebi ɗan gari a auna tun yaushe ya fita daga wuta, amma masu jabu sun riga sun koyi dasa sabon jiki a kan tsohon gindi.

Yanzu shawara ta biyu, wadda ta fi ci mini rai. Faranti na farko da na mallaka ba saye na yi ba, na gwaggota ne, ta ba ni shi da hannunta. Na yumɓu ne mai farin shafe da zanen furanni ruwan ƙasa, shafen ya yi 'yan tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo, dauɗar shekaru ta shiga ta zauna. Wani ya ce in kwana da shi a bilic. Da safe ya fito fari tas, na yi ta murna. Bayan 'yan watanni sai na ga wani farin gari yana fitowa ta tsagogin, shafen ya fara ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Bilic ɗin ya bi ta tsagogin ya shige jikin yumɓun, ya bushe ya zama gishiri, gishirin kuma yana turo shafen daga ciki. Babu yadda za a mayar. Garin neman gira na rasa ido, kuma a kan abin da ba a sayar da irinsa a ko'ina, tunda gwaggo ɗaya gare ni. Tun daga ranar, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi kawai nake amfani da su, in shimfiɗa tawul a cikin roba kafin in sa abu, ɗaya bayan ɗaya. Mai ruwan zinare ba na gurza shi. Wanda aka taɓa liƙawa ba na jiƙa shi, domin tsohon gam yana saki a ruwa. Tabon da ya ƙi fita kuwa na koyi zama da shi.

Batun guje wa wanda aka gyara, a nan ma ina da ja. Gyara iri biyu ne. Akwai na ɓoye, wanda ake cike gurbi a fesa fenti a kai don a yaudari mai saye. Wannan a guje shi, ko a saye shi da sanin abin da aka saya. Ana gane shi da tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, a cikin duhu wurin gyaran yakan yi haske dabam, ko ka taɓa shi da haƙori a hankali, za ka ji shi da taushi kamar roba, ba sanyin gilashi ba. Akwai kuma gyaran da bai ɓoye kansa ba. Kafin a sami gam mai ƙarfi, a Sin da Turai akwai masu sana'ar ɗinke tangaran, kamar dai gyartai da ƙwarya: su huda ƙananan ramuka a gefe biyu na tsagar ba tare da sun fasa zuwa ɗaya fuskar ba, su dasa lanƙwasassun ƙusoshin ƙarfe su ɗaure. A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Tokyo akwai wani koren kwano na Sin na ƙarni na 13 da ake kira Bakohan, ƙusoshin da aka ɗinke shi da su ne suka ƙara masa suna. Mutanen Japan kuma suna da nasu salon na liƙa fasasshe da ƙaron wata bishiya su bi layin da garin zinare. Ina da faranti mai ƙusa 7 a bayansa. Mai sayarwa har haƙuri yake ba ni a kansa. Ni kuwa na san ba a kai farantin banza wurin mai ɗinki, sai wanda wani ya ƙi rabuwa da shi, kuma ƙusoshin sun ba ni shaidar tsufan da tambari bai isa ya ba ni ba. Ba banza aka kira abin faɗi-ka-mutu ba, wanda ya faɗi bai mutu ba kuwa ya cancanci wuri a kabad.

Akwai abu guda da rubutun bai taɓo ba sam, kuma ya shafi lafiya. Tsofaffin shafe da launuka da yawa suna da dalma a ciki, musamman zanen da aka yi a saman shafen, wanda za ka ji tudunsa da yatsa. Abu mai tsami da abu mai zafi suna jawo ta, tsagaggen shafe kuma ya fi saki. Sai a farkon shekarun 1970 Amurka ta fara sa iyaka a kan wannan. Jan farantin Fiesta da aka fara sayarwa a can a 1936 har sinadarin yuraniyom ke cikin launinsa. Ni dai ƙa'idata, tsohon da ban tabbatar da shi ba na kallo ne, ba a ajiye abinci a cikinsa, kuma yara ba sa ci a ciki ko sau ɗaya.

Kayana yanzu sun kai 140 da 'yan kai, kuma in gaskiya za a bi, waɗanda wani gidan gwanjo zai waiwaya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kowanne yana da lamba a ƙaramar takarda, lambar kuma tana da shafi a wani littafi: ranar da ya shigo hannuna, daga wurin wa, me aka ce mini, me na gani da idona, me na gano daga baya. Shafin kwanon Chenghua ya fi kowanne tsawo. Ina ba duk mai farawa shawarar ya buɗe irin wannan littafi tun daga abu na farko, ya kuma zaɓi fanni ɗaya ƙarami, ko kofuna kaɗai, ko masana'anta ɗaya, ko zane ɗaya, ya riƙa zuwa inda zai taɓa na gaske da hannunsa. Fasassun guntaye ma makaranta ce, domin su ne ke nuna maka cikin jiki, kuma babu mai wahalar da kansa ya yi jabunsu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in za ku sake waiwayar wannan batu, ku sa mai ɗaukar hotonku ya kifa kayan. Hotuna 5 kuka buga, duka ta fuska. Ku nuna mana zoben gindi kusa-kusa, da bakin da ya ɓantare, da faranti ɗaya a saitin taga. In ana bukata, zan aiko da hoton mai ƙusa 7 ɗin, gaba da baya, da na gwaggota yadda bilic ya bar shi.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai karatu, mai tara tsofaffin tangaran